Ranar da Motar Kamfani Ta Tafi Shuka

Gara in faɗi gaskiya tun daga farko: shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, duk da yawan rubuce-rubucena. Wasu abubuwan ina ganinsu tar. Wasu kuwa ban tabbata ko haka suka faru ba, ko yawan ba da labarin ne ya gyara min su. Abin da ba na shakka a kansa shi ne an yi ruwa, an yi shuka, kuma hannuna ne a kan takardar fitar mota.

Bayan na gama bautar ƙasa da digirina na harkokin gudanarwa, na yi watanni ina fita daga gidanmu a Hotoro da ambulan a hammata, yau Bompai, gobe Sharaɗa. A ƙarshe wani kamfanin roba a Challawa ya ɗauke ni gwaji na wata shida. Buta muke yi, da bokiti, da baho, a kan injina takwas. Ni ne mataimakin manaja, kuma babban aikina shi ne tsara jadawalin 'yan safe da 'yan yamma.

A jami'a an koya mana salon shugabanci iri-iri, na haddace su na ci jarrabawa. A kamfanin nan sai na tarar da su suna yawo da ƙafafunsu.

Alhaji, mai kamfanin, a tsaye yake yanke magana. Za ka tare shi tsakanin motarsa da ƙofar ofis, kafin ka kai ƙarshen bayani ya ce "A yi" ko "A bari", ya wuce. Wani lokacin yakan yi kuskure, washegari ya warware ba tare da wata kunya ba. Manaja kuwa mutumin takarda ne. Duk abin da ka faɗa masa da baki sai ya ce, "Sa min a takarda." Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Shi dai hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga abu a cikin fayil.

Na ukun shi ne heluma, shugaban masu aiki a kan injina, dattijo ɗan ƙauyen da ke bayan katangarmu. Kowa Baba yake ce masa. Ban taɓa jin ya ba da umarni ba. Sai dai ya tsaya kusa da inji ya karkata kai ya ce, "Haka kukansa yake jiya?" Kafin ya rufe baki mai injin ya tafi ɗauko sifana. Akwai kuma Hajiya, shugabar matan da ke kankare gefen buta suna ɗaure su dozin-dozin. Ita da murya da barkwanci take tafiyar da sashenta, kuma tun ranar farko ta ce min "ɗana".

Ni kuma fa? Ni ina tsoron kuskure. Tun ina yaro haka nake.

A wata na huɗu Alhaji ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Butar nan, kore za mu ƙara ko shuɗi?" Na ce zan duba. Na yi kwana biyu ina dubawa, na kai masa shafi uku: amfanin kore, amfanin shuɗi, da hatsarin kowanne. Ya juya takardun gaba da baya.

"To, kai me ka gani?"

"Wataƙila kore, ranka ya daɗe. Amma mai yiwuwa idan aka lura da..."

"Wataƙila." Ya miƙo min takarduna. "Ka ga, yaro, ni ba na ƙin ka. Kana zuwa da wuri, ba ka ƙarya. Amma in wata shidan nan suka cika ban ga ka yanke magana ɗaya da kanka ka tsaya a kanta ba, ba zan sa hannu a takardar tabbatar da aikinka ba. Mai rubuta min shafi uku ina da shi tuntuni."

Matan Hajiya suna kusa, sun ji komai. Kafin azahar sunana ya koma Malam Wataƙila.

Na shiga damuwa sosai. Mahaifiyata ta riga ta faɗa wa dangi kaf na samu aiki. Sai na fara neman maganar da zan yanke, kamar mai neman abin da ya ɓata.

Baba ne ya ba ni kan zaren ba da niyya ba. Muna shan koko wata safiya ya ce damina ta matso, kuma fiye da rabin masu injina manoma ne. Ranar da aka yi ruwan shuka ba za a ga ƙeyarsu ba. Bara, in ji shi, Manaja ya bi su da takardar tuhuma ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu daga cikin gwanaye suka yi fushi suka koma wani kamfani a Sharaɗa. Na ce a raina, ga ta nan.

Kwana kaɗan bayan haka aka yi ruwa da yamma. Ni ɗan birni ne, ban taɓa riƙe fartanya ba. Na ga kwalta ta jiƙe, na ji ƙamshin ƙasa, na ce shi ke nan. Da sassafe na riga kowa zuwa, na liƙa sanarwa a bakin get cewa saboda saukar ruwan farko an ba masu gona hutun shuka na yau. Na tsaya gefe ina jiran godiya.

Da ma'aikata suka taru, wani mai injin bokiti ya karanta musu da ƙarfi. Sai dariya ta ɓarke.

"Malam, a kan kwalta za mu shuka?"

"Ruwan da ko akuyata bai kora ɗaki ba!"

Hajiya ta riƙe ciki. "Ɗana, wallahi ko shanyata ban kwashe ba."

Baba bai yi dariya ba, ko kuma ya ɓoye ta. Ya ce, "Malam, za ka raka ni bayan katanga?" Muka zaga zuwa gonar da ke jikin kamfanin. Ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsa, ya ce in sa hannuna. Sama-sama da ɗan sanyi. Ƙasa da gaɓar yatsa ɗaya kuwa busasshiyar turɓaya ce.

"Yayyafi ke nan," in ji shi. "Iri in ya ji wannan zai tsiro, ya nemi ruwa a ƙasa ya rasa, ya mutu. Ruwan shuka sai ka tona har tsintsiyar hannu, ka damƙi ƙasar ta dunƙule."

Ba wanda ya ɗauki hutun nan. Duk suka shiga aiki, ni kuma na cire sanarwata na ninke ta a aljihu. Da labari ya kai wa Alhaji sai ya yi dariya har da share ido. Ya ce, "Da kana ta tambaya ba ka yankewa, yanzu ka yanke ba ka tambayi kowa ba. Wannan ba ta shiga lissafi ba. Saura maka sati biyar."

Ruwan gaske ya zo ranar wata Talata, in ban manta ba. Ya fara bayan la'asar, bai tsagaita ba sai bayan magariba. Da ƙyar na samu adaidaita zuwa Hotoro. Kuma ya zo a mafi munin sati: ranar Alhamis da azahar tirela za ta zo ɗaukar butoci da bokitai da bahuna na wani babban dillalinmu na Maraɗi, kuma kayan ba su cika ba. Alhaji ya tafi Legas maganar ƙwayar robar da muke narkawa a injina. Manaja yana da taro a wani ofishin gwamnati a Nassarawa.

Da safiyar Laraba na tarar da mutum wajen ashirin tsaye a bakin get, ba su shiga ba, ba su tafi ba. Wasu da sungumi ɗaure a jikin keke, wasu da ƙullin iri a leda. Ba wanda ke dariya yau.

Baba ya matso ya ce a hankali, "Na roƙe su su zo su ji ta bakinka. Bara ba su zo ba, ka san abin da ya biyo baya."

Na ce su ba ni minti biyar. Na zaga bayan katanga ni kaɗai, na naɗe hannun rigata mai guga, na tona. Har tsintsiyar hannu, har gaba da nan. Na damƙi ƙasar, ta dunƙule kamar tuwo.

Na kira Alhaji, wayarsa a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira Manaja, ya ɗauka yana raɗa.

"Ina cikin taro. Sa a takarda, in na dawo da azahar mu duba."

"Yallaɓai, kafin azahar..."

Ya kashe.

Ina tsaye da taɓo a hannu na gane cewa babu wanda zai zo ya ɗauke min wannan. In na hana su, wasu za su tafi duk da haka, mu sake rasa gwanaye. In na sake su duka, injina su tsaya. Injin roba kuwa in ya huce robar cikinsa daskarewa take yi, sake tayar da shi sai rabin yini, tirela ta tafi ba kaya. Na ji ina son in zauna in rubuta shafi uku.

Maimakon haka na koma get na yi abin da na ga Baba yana yi. Na yi tambaya.

"Baba, gonaki nawa ne?"

Suka ƙirga a tsakaninsu, suka ce goma sha ɗaya. Ƙanana ne, in ji Baba, manyan tuni kamfanoni suka zauna a kansu.

"In kowa ya tafi tasa, kwana nawa?"

"Shi da iyalinsa, yini biyu. Wani uku."

"In kuma duk kuka faɗa wa gona ɗaya, kuka gama, kuka wuce ta gaba?"

Baba ya shafa gemu. "Gayya ke nan. Mu dai a noma muka saba yin ta, ba a shuka ba. Amma ba wanda ya hana." Ya dubi kekunan da ke bakin get. "Sai dai gonakin a warwatse suke. Kafin a tura keke a cikin taɓon nan daga wannan zuwa waccan, rana ta yi."

Ban san lokacin da idona ya faɗa kan motar kamfani ba, babbar farar motar da muke kai kaya kasuwa da ita, tana tsaye direba yana goge gilashi. Ba ta fita sai da sa hannun Manaja, ko nawa in ba ya nan. Ban taɓa sawa ba.

"Injina fa?" na ce, kusan da kaina nake magana.

"Injina me?" Hajiya ce, ashe tana bayana da matanta. "Shekara nawa muna kallon ƙattin nan suna buɗe ƙofa, su ciro buta, su rufe? Sai ka ce aikin likita. Ka ba mu."

Aka yi ihu. Wani ya ce, "Hajiya, in kika ƙone min inji sai kin aura min 'yarki." Ta ce, "Kai da ko kekenka na aro ne?"

Akwai mutum bakwai 'yan Jigawa da 'yan Nijar waɗanda gonakinsu ke nesa, su dama za su zauna. Na ce su kaɗai za su taɓa makunnan inji, mata su karɓi kaya su kankare, injina biyar su yi aiki, uku a bar su da zafi. Na maimaita maganar makunnan sau uku, har Hajiya ta ce ta ji, ba kurma ba ce.

Sai babban cikin 'yan Nijar ɗin ya ɗaga hannu. "Mu fa, Malam? Tamu gonar ba a bayan katanga take ba. Mu riƙe musu inji su yi shuka, mu namu irin ya kwana a buhu?"

Wannan ban shirya mata ba. Kowa ya zubo min ido. Na ji kalmar nan tawa ta hau kan harshena, na haɗiye ta.

"Ranar da aka bugo muku waya an yi ruwa a wajenku, kwana uku-uku, biyu-biyu za ku riƙa tafiya. Waɗannan su riƙe muku injinanku." Na juya ga 'yan gari. "Kun yarda?"

"Mun yarda!"

"Baba, ku ne shaida."

"Na shaida."

"To, a kawo mota."

A takardar fitar mota akwai layin da ake rubuta dalili. Da sauran taɓo a farcena. Na rubuta kalma ɗaya: Shuka. Na sa hannu. Ina jin a duk rayuwata ban taɓa rubuta takarda mafi gajarta ba.

Suka haye bayan mota da sungumansu suna ihu kamar masu rakiyar ango. Ni kuma na shiga ciki, Hajiya ta ba ni wuƙar kankara da kujera a tsakiyar matanta. Kafin sha ɗaya na huda buta biyu.

Da azahar Manaja ya dawo. Ya tsaya a ƙofa, ya kalli mata a bakin injina, ya kalli gurbin mota, ya kalle ni. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ofis, na ji na'urar buga takarda tana aiki, na san takardar tuhumata ce. Bayan minti goma ya fito, ya ga butoci sun taru ba mai ɗaurewa, sai ya cire agogo ya sa a aljihu, ya zauna a kan buhu ya fara ɗaure su dozin-dozin. Ɗaurinsa ya fi na kowa kyau, wannan sai in faɗa.

Direba ya dawo ɗaukar ruwan sha a jarkoki. Hajiya ta karɓe wuƙarta ta ce, "Bi shi ka je ka ga aikinka, ɗana. Kana nan kana kashe mana butoci."

Na same su a gona ta takwas ko ta tara. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutum shida a gaba a jere da sungumi suna sara ramuka, sauran suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, duk a tafiya ɗaya. Matan gidan mai gonar sun kawo fura a babbar ƙwarya. Baba yana ƙarƙashin bishiya, wandonsa naɗe har gwiwa, yana tambayar wani, "Layin nan naka, gabas ya nufa ko Kumbotso?"

Suka ce sai na yi layi ɗaya. Na cire takalmi, aka zuba min gero a tafin hannu. Ramin farko na zuba kusan rabin abin da ke hannuna. Mai gonar ya kama kai. "Malam, kunu za ka dama a ciki?" Nan take wani ya ɗaga murya cikin waƙa yana tambayar ko layin Malam zai fito, sauran suka amsa baki ɗaya, "Wataƙila!" Haka suka yi ta yi har na kai ƙarshen layi, ina tangaɗi a cikin taɓo ina dariya har da hawaye. Ban san rabon da in yi dariya irin wannan ba.

Kafin ƙarfe biyar an gama duka. Suka dawo, suka wanke ƙafa a famfo, aka yi sallah, suka karɓi injinansu ba wanda ya ce musu. Washegari ma kafin in iso duk injina takwas suna kuka. Tirela ta zo da azahar, direbanta ya jira awa biyu yana mita. Buta da bokiti sun cika. Baho ne ya gaza kaɗan, na bugo wa dillalin da kaina na ba shi haƙuri, muka aika masa ragowar a sati na gaba.

Ranar Asabar Alhaji ya dawo. Bai ko shiga ofis ba, ya tsaya a gaban farar motar, wadda har lokacin taɓo ya kai mata ƙofa. Manaja yana gefe da fayil. Aka kira ni.

"Wa ya ba da motata aka kai gona?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce ka bayar?"

"Ba kowa."

"An ce har ka yi wa 'yan Nijar alkawarin kwana uku-uku."

"Na yi."

Bayani ya cika min baki, dalili na ɗaya, na biyu, na uku. Na danne. Ya kalle ni.

"In na ce a soke alkawarin fa?"

Na ce, "Sai dai ku soke shi tare da ni, ranka ya daɗe. A gaban mutane na yi shi."

Ya juya ga Manaja. "Ina takardar yaron nan?"

Manaja ya miƙa masa takardar tuhuma.

"Ba wannan ba. Ɗayar."

Ashe takardar tabbatar da aikina ma tana cikin fayil ɗin, a buge, tun ranar Alhamis. Alhaji ya ɗora ta a kan motar, ya sa hannu, ya miƙo min. A kusurwarta akwai ɗan tabon laka har yau.

"Amma motar nan kai za ka wanke ta," in ji shi, ya wuce.

Na wanke ta kuwa, da bokitin kamfaninmu, matan Hajiya suna tsaye suna nuna min inda na bari. Takardar tuhumar ma na amsa ta, shafi ɗaya, Manaja ya sa a fayil hankalinsa ya kwanta. Shekara ta gaba shi da kansa ya ƙirƙiro fom na ranar shuka, mai layin da Baba zai sa hannu cewa an tona ƙasa ta dunƙule. 'Yan Jigawa da 'yan Nijar sun tafi bi da bi kamar yadda aka yi alkawari. Da kaka kuma mai gona ta takwas ko ta tara ya ɗauro min 'yan zangarkun gero a bayan keke, ya ce daga layina ne, wai ya fito amma a karkace.

Tsoron kuskure bai bar ni ba, kada in yi ƙarya. Har yanzu nakan karanta saƙo sau uku kafin in tura. Sunan ma bai bar ni ba.

Wasu daga cikin waɗanda suka hau motar nan suna nan a Challawa, wasu sun watsu. In wannan rubutu ya kai gare ku, ina roƙo ku gyara min inda na kauce. Ni goma sha ɗaya na riƙe, amma direba ya taɓa ce min gonakin sha uku ne. Ban kuma san wanda ya fara waƙar ba. Hajiya kuwa har yau cewa take ita ta fara kallon motar kafin ni, kuma ba zan rantse ba haka ba ne. Wanda ya tuna daidai ya aiko min, zan gyara.